Yadda Za Ka Ƙiyasta Kuɗin Gyaran Esin Mota Kafin Ka Biya

Gyaran esin mota ba shi da tsayayyen farashi, domin rashin sanyi yana iya fitowa daga fiyus da ya ƙone, yana kuma iya fitowa daga mutuwar kwamfaresa, wato na'urar da ke matsa gas ɗin esi ta zagaya da shi, alhali tsakanin kuɗin waɗannan biyu akwai tazara mai nisa. Saboda haka kuɗin farko da ya kamata mai mota ya kashe shi ne na bincike, kuma kada ya amince da wani farashi sai mai gyara ya nuna masa takamaiman abin da ya lalace.

Kafin ka je wurin mai gyara, ka tayar da mota, ka kunna esi, ka saurara. A yawancin motoci za ka ji wata 'yar ƙara daga wajen inji lokacin da kulocin kwamfaresa, wato abin da ke haɗa ta da juyawar inji, ya kama. Idan bai kama ba, matsalar tana iya zama ta fiyus, ko ta waya, ko kuma gas ya ragu har na'urar ta kashe kanta don kariya. Idan sanyi yana zuwa a kan tafiya amma ya ɗauke a cunkoso, a fara zargin fankar da ke gaban inji ko dattin da ya toshe kwandansa, wato na'urar da ke fitar da zafin gas a gaban mota. Idan kuwa iskar ce ba ta da ƙarfi, a duba matatar iska ta cikin mota. Waɗannan duka suna cikin gyare-gyare masu sauƙin kuɗi.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne wajen maganar nan ta "gas ya ƙare". Esi ba ya shan gas kamar yadda inji yake shan fetur, gas ɗin zagaye yake yi a cikin bututu a rufe, don haka idan ya ƙare cikin 'yan watanni, to akwai inda yake yoyo. Wanda ya sake cikawa ba tare da an toshe wurin ba, zuba ruwa yake yi a rariya, kuma man da ke shafa kwamfaresa yana bin gas ɗin ya fita, har a wayi gari ta ƙone. Ka nemi a gwada yoyo da iskar naitirojin, ko da rini na musamman wanda ake haskawa da fitila, ko aƙalla da ruwan sabulu a kan mahaɗar bututu. Sau da yawa abin da za a samu bai wuce ƙaramin zoben roba da ya bushe ba.

Nau'in gas ɗin ma yana sauya lissafi. Ka ɗaga bonet ka karanta takardar da ke manne a ciki, wadda take nuna nau'in gas da nauyinsa, kuma ƙananan motoci galibi suna ɗaukar tsakanin giram 400 zuwa 800. Motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 suna amfani da R134a, wanda ya maye gurbin R12 bayan yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare muhalli da aka ƙulla a Montreal a 1987. Sababbin motoci kuwa da yawansu R1234yf suke ɗauka, wanda ya bazu bayan dokar Tarayyar Turai da ta shafi duk sababbin motoci daga 2017, kuma ya ninka R134a tsada. Ba a gauraya su. Gas mai arha ƙwarai kuma abin tuhuma ne, domin akwai jabu masu kama wuta ko masu cin ƙarfe. Mai gyaran da ya san aikinsa zai zuƙe iska da danshi da famfo na kimanin minti 30, sannan ya auna gas da sikeli, ba ya cika da ka ba.

Manyan kuɗi suna wurare biyu. Na farko shi ne kwamfaresa, wadda idan ta farfashe daga ciki takan watsa garin ƙarfe a duk bututun. A nan dole a wanke layin, a sauya matatar danshi da bawul ɗin da ke sakin gas, sau da yawa har da kwandansa, tunda ƙananan hanyoyinta ba sa wankuwa sosai. Farashin da bai haɗa da waɗannan ba, a ganina, ba rangwame ba ne, domin sabuwar kwamfaresar za ta haɗiye wannan dattin ta lalace. Sai dai ka tambaya ko kuloci ne kaɗai ya mutu, tunda a wasu motoci ana sauya shi shi kaɗai. Na biyu shi ne ibaporeta, wato na'urar da ke sanyaya iskar da ke shiga cikin mota, wadda take ɓoye a bayan dashbod. Ita kanta ba ta kai kwamfaresa tsada ba, amma kwance dashbod da mayar da shi yana iya cinye yini guda, shi ya sa kuɗin aiki yakan zarce kuɗin kaya.

Idan an kammala bincike, ka buƙaci a rubuta maka farashi a rarrabe: kuɗin kaya daban, na aiki daban, na gas da mai daban, tare da bayanin ko kayan sababbi ne, ko gyararru, ko na hannu, da tsawon garantin kowanne. Ka kwatanta da wani wuri guda ko biyu, kana duba abin da kowa ya lissafa, ba jimilla kaɗai ba, kuma ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire. Mai mota mai haɗin batir da fetur ko mai lantarki zalla ya ƙara da tambayar irin man da za a zuba, domin kwamfaresarta da lantarki mai ƙarfi take aiki, kuma tana buƙatar ainihin man da kamfanin motar ya ƙayyade.