Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen wurin aiki daga nesa a unguwannin Kaduna

Matasan Kaduna da ke yi wa kamfanonin Legas, Abuja ko ƙasashen waje aiki ta intanet suna ta ƙaruwa, kuma da yawansu suna zaune ne a gefen gari, a Rigasa, Mando, Rigachikun, Millennium City ko Sabon Tasha. Kowa a cikinsu yakan fuskanci zaɓi guda, wato ko ya yi aiki a gida, ko ya kama kujera a ofishin haɗaka inda mutane da dama ke biyan kuɗi su raba wuta da intanet. Irin waɗannan wurare ba baƙi ba ne a garin, domin CoLab ta buɗe a Barnawa tun 2016, wasu kuma sun biyo baya. Abin da ke kawo asara shi ne yanke shawara bisa kyan wuri ko araharsa, alhali aikin nesa yana tsayawa ne a kan wuta, layin intanet da lokaci.

Kuskuren da ya fi kowane tsada shi ne kama haya ko biyan kuɗin wata ba tare da bincikar wutar wurin ba. NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki a Najeriya, ta kasa masu amfani da wuta rukuni-rukuni: Band A ya kamata su sami aƙalla awa 20 a rana, Band B awa 16, Band C awa 12, har zuwa Band E mai awa 4. Tun watan Afrilun 2024 farashin Band A ya haura naira 200 a kan kowane yunit. Mai gida zai ce maka "ai muna samun wuta sosai", amma maganarsa ba hujja ba ce. A duba takardar sayen yunit ko ta biyan kuɗin wuta don a ga rukunin, sannan a tambayi mai shagon sayar da ruwan sanyi ko mai walda da ke layin, domin su ne suka san sa'ar da ake ɗauke wuta da kwanakin da transfoma ke yi a lalace. Layi biyu a unguwa ɗaya suna iya bambanta ƙwarai.

Ko a Band A ma bai kamata mutum ya saki jiki ba. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, kuma waɗanda ba su da madadi sun rasa abin da za su faɗa wa iyayen gidansu. A nan ne wasu ke sake yin wani kuskuren, su ruga su sayi janareta babba, alhali tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kunna janareta wuni guda saboda kwamfuta ɗaya asara ce kawai. Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta cika wuce wat 65 ba, na'urar raba intanet kuwa wajen wat 10 take ci. Ƙaramar inbata da batir mai kyau da farantin sola ɗaya ko biyu sun isa wannan aikin har da fanka, muddin ba a jona musu firji da dutsen guga ba. Lokacin hunturu kuma a riƙa goge ƙurar da ke kwanciya a kan farantin, domin tana rage cajin sosai. Wanda zai shiga ofishin haɗaka ya tambaya kai tsaye me ake kunnawa idan an ɗauke wuta, minti nawa ake ɗauka kafin a kunna, kuma ko ana kashe injin da tsakar rana don tsimin mai.

Sai intanet. Mutane sukan gwada layinsu sau ɗaya da safe, su ga yana gudu, su ɗauka magana ta ƙare. Layin da ke gudu da ƙarfe tara na safe yana iya sanɗa da ƙarfe takwas na dare, lokacin da duk unguwar ta hau Facebook da TikTok. Gwaji ya zama a daidai sa'ar da ake aiki, a cikin ɗakin da za a zauna, na kwanaki da dama. A kuma lura da saurin aikawa, ba na saukewa kaɗai ba, domin shi ne ke sa murya ta riƙa yankewa a taron bidiyo. Saurin megabit 3 a daƙiƙa da ba ya rawa ya fi 20 da ke hawa yana sauka. Dogaro da kamfani ɗaya ma ganganci ne, don haka mai layin MTN ya ajiye na Airtel ko Glo da 'yar data a kai. Tsarin da ake tallatawa da sunan mara iyaka kuwa, yawancinsa ana rage masa gudu bayan an kai wani adadi, saboda haka a karanta sharuɗɗan kafin a biya.

Akwai kuma batun hanya, wanda ake yawan mantawa da shi wajen lissafi. Mutumin Rigachikun da ya biya kuɗin wata a ofishin da ke Barnawa sai ya ratsa Kawo, ya keta tsakiyar gari, ya haye gadar kogin Kaduna, safe da yamma. Idan aka haɗa kuɗin keke napep da na bas da abincin rana, sau da yawa sun zarce kuɗin kujerar. A ganina, ga mai zama nesa, gara ya fara da biyan kuɗin yini, ya je ranakun da yake da muhimmin taro ko aikin da ke bukatar aika manyan fayiloli, sauran ranakun ya zauna gida. Ya kuma tabbatar da lokacin da ofishin ke rufewa, domin birnin New York yana bayanmu da awa 5 ko 6 gwargwadon lokacin shekara, kuma taron da abokan aiki na can suka sa da ƙarfe biyu na ranarsu zai same shi bayan magariba, lokacin da ofisoshi da yawa sun rufe, komawa gida kuma ta zama abin tunani.

Aiki a gida yana da nasa tarkon. A al'adarmu wanda aka gani a gida da hantsi ana ɗaukarsa ba shi da abin yi, sai a aike shi cefane, ko baƙo ya yi sallama a ce ya fito su gaisa. Fushi da mutanen gida ba ya magance wannan. Abin da ke magancewa shi ne a zauna da iyaye ko mai ɗaki a yi musu bayani cikin ladabi, a faɗa musu sa'o'in aiki, a keɓe ɗaki ko da ƙarami ne mai ƙofa. Haka nan a sanar da abokan aiki tun farko lokutan salla, musamman Juma'a, domin a tsara taruka ba tare da ɓacewar bazata ba.

A ofishin haɗaka kuwa, kada a tashi zuwa masallaci a bar kwamfuta a buɗe, kada kuma a tattauna sirrin abokin ciniki da babbar murya a zauren da baƙi ke zaune. Kafin a biya kuɗin wata a nemi ganin ɗakin da aka ware don kiran waya, a shiga a rufe ƙofa, a sa wani ya tsaya a waje ya faɗi ko yana jin abin da ake cewa.