Darasi: Yadda Za Ka Zaɓi Tsirkiyar Jita Daidai da Kiɗanka

Jita tana da tsirkiya shida. Idan ka rungume ta za ka kaɗa, wadda ta fi kusa da ƙasa ita ce mafi siranta, ita ake kira ta 1. Wadda ta fi kusa da fuskarka ita ce mafi kauri, ita ce ta 6. Siririya tana ba da ƙaramar murya mai kaifi, mai kauri kuma tana ba da babbar murya. Masu karatun Turanci suna kiran muryoyin shida, daga ta 6 zuwa ta 1, da haruffan E, A, D, G, B, E. A Nijar, inda aka fi koyo da Faransanci, za ka ji ana cewa Mi, La, Re, Sol, Si, Mi. Abu ɗaya ne.

Ana sayar da tsirkiyoyin shida tare a cikin fakiti ɗaya. Mutane da yawa suna shiga shago su ce a ba su wayar jita, mai shago ya miƙo abin da hannunsa ya kai, su biya su tafi. Daga baya yatsu su yi ta ciwo, ko jitar ta ƙi daɗin ji, a ce ai jitar ce ba ta da kyau. Alhali amsar tana rubuce a bayan fakitin, da manyan lambobi.

Da farko, wace irin jita gare ka?

Wannan tambayar ita ce kan gaba, domin kuskure a nan yana iya kashe jita.

Akwai jita mai tsirkiyar nailan. Wuyanta mai faɗi ne, ana kuma ɗaure tsirkiyarta da ƙulli a kan ɗan katakon da ke manne a jikin akwatin jitar. A da da hanjin tumaki ake murza irin wannan tsirkiya, sai a shekarun 1940 aka koma nailan a Amurka. Uku na ƙasa nailan ne zalla, uku na sama kuma zaren nailan ne da aka naɗe da siririyar waya.

Akwai jita mai akwati mai tsirkiyar ƙarfe. Ita ce aka fi gani a coci-coci da makarantu da hannun samari. A ƙarshen kowace tsirkiya akwai ɗan zobe na ƙarfe, wanda ake cusawa cikin rami a danne shi da ɗan turke.

Sai jitar lantarki, wadda ba a jin ta sosai sai an haɗa ta da lasifika. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu, shi ke jin girgizar ƙarfe ya mayar da ita sauti. Nailan ba ƙarfe ba ne, don haka maganaɗisu ba ya jin sa. Tsirkiyar wannan jita ƙarfe ce da aka fi shafa wa nikel.

Kada ka taɓa ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar nailan. Tsirkiyoyin nailan shida suna jan jita da ƙarfin da bai wuce kimanin kilo 40 ba. Na ƙarfe, irin na jita mai akwati, suna ja da kusan kilo 70. Jitar ƙarfe tana da sandar ƙarfe a ɓoye cikin wuyanta, an kuma ƙarfafa cikin akwatinta don ta jure. Yawancin jitocin nailan ba su da wannan. Idan ka ɗaura musu ƙarfe, wuya zai lanƙwashe, ko katakon ɗauri ya ɓamɓare daga akwatin, kuma kuɗin gyaran zai iya fin kuɗin jitar.

Karanta lambar da ke kan fakiti

Ɗauki fakiti ka duba. Za ka ga lambobi biyu da ɗan layi a tsakaninsu, misali 10-46 ko 12-53. Lambar farko kaurin tsirkiya ta 1 ce, ta biyu kaurin tsirkiya ta 6. Ana auna su da inci da aka raba gida 1000. Ke nan 10 tana nufin kashi 10 cikin 1000 na inci, wato kusan rubu'in milimita. Wasu kamfanoni suna rubuta ta haka: .010. Kada ɗigon da sifilin su ruɗe ka, goma ce dai.

Masu kiɗa ba sa faɗin lambobin duka. Lambar farko kawai suke kira. Mutum zai ce, "Ni tara nake sa wa," ko "Ba ni sha biyu." Kamar lambar takalmi ce: da zarar ka san taka, ka huta da gwaje-gwaje.

Idan lamba ƙarama ce, tsirkiya tana da laushi, ba ta cin yatsa, amma muryarta ba ta da nauyi, tana kuma saurin tsinkewa a hannun mai bugu da ƙarfi. Idan lamba babba ce, murya tana cika, tana daɗewa tana amo, sai dai hannun hagu zai sha aiki.

A jitar lantarki an fi samun 9-42 da 10-46 da 11-49. A jita mai akwati kuma 10-47 da 11-52 da 12-53 da 13-56. Fakitin nailan yawanci ba da irin wannan lamba ake gane shi ba. Ƙarfin jan ake rubutawa: matsakaici ko mai tauri. Mai koyo ya ɗauki matsakaici.

Yanzu dubi hannunka

Idan kai mai raka waƙa ne, kana share tsirkiyoyin gaba ɗaya da ɗan robar kaɗawa yayin da jama'a ke rerawa, kana bukatar muryar da ba za ta nutse a cikin muryoyin mutane ba. Sha biyu ita ce ta dace da kai. Sha uku ta fi ƙara, amma a ganina ba ta mai koyo ba ce, kuma tsohuwar jita ko mai araha ba lalle ta jure jan ta ba.

Idan da yatsu kake tsinkar tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, babban yatsa yana riƙe da masu kauri, sauran suna wasa a kan sirara, to sha ɗaya ta fi saurin amsa maka. Tsokar yatsa ba ta da ƙarfin roba, tsirkiya mai tauri ba za ta motsa mata da kyau ba. Nailan ma yana daɗi a irin wannan kiɗa, muryarsa a kwance take, ba ta da tsini.

Mai jitar lantarki da ke jan gaba a kiɗa, shi kam lamarinsa daban ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wajen biki a Agadas ya ga yadda yatsun hannun hagu ke gudu a wuyan jita, suna bugun tsirkiya suna saki, murya tana karkarwa. Wani lokaci kuma makaɗi yakan tura tsirkiya gefe da yatsa har muryarta ta hau kamar tana kuka. Irin wannan wasa da tara ko goma ake jin daɗinsa. Gwada tura tsirkiyar sha biyu haka, kafin a tashi daga biki yatsunka sun yi jawur. Wanda ke riƙe da kiɗa a baya, ko wanda ke sassauta tsirkiyoyinsa don muryar jita ta sauka ƙasa, shi ya hau sha ɗaya. Siririyar tsirkiya idan an sassauta ta sai ta yi lako-lako, tana taɓa ƙananan ƙarafan da ke jere a wuyan jita tana zuza.

Masu kiɗan jaz suna son wata iri mai sumul, wadda aka naɗe da waya mai faɗi. Ba ta ƙara idan yatsa ya zame a kanta. Tana da tsada, ba kowane shago ke ajiye ta ba.

Kai kuma da ka fara koyo jiya-jiya, ɗauki mafi laushi: goma ko sha ɗaya a jita mai akwati, tara a ta lantarki. Makonnin farko kan yatsu zai yi zafi ko da wace iri ce, har sai kanta ta fito. Da yawa sun jingine jita a bango saboda wannan zafin, ba don kansu ba ya ja ba.

Launin tsirkiya, gumi da tsatsa

Tsirkiyoyi masu kauri na jita mai akwati launin zinariya ne ko ja-ja. Idan ka ga an rubuta 80/20, ana nufin wayar da aka naɗe tsirkiyar da ita kashi 80 jan ƙarfe ce, kashi 20 zinki. Muryarta tana da haske tana sabuwa, amma tana saurin dushewa. Ja-jan kuma jan ƙarfe ne da kuza da ɗan sinadarin fosfora. Kamfanin D'Addario ne ya fito da ita a 1974. Muryarta ta fi taushi, ta fi kuma jure gumi. A ƙasar zafi, ni ita nake ba da shawara.

Akwai kuma waɗanda aka lulluɓe da siririyar leda da ido ba ya gani sosai, irin masu tambarin Elixir da suka fito a 1997. Kuɗinsu ya fi, amma mai gumin hannu da mazaunin wuri mai laima za su mori kuɗinsu, musamman da damina, lokacin da tsatsa ke kama ƙarfe cikin 'yan makonni. A kula da jabu, domin ana buga sunayen manyan kamfanoni a kan fakitin ƙarya. Idan farashi ya faɗi warwas, araha ba ta ado. Buɗe fakitin a gaban mai shago, ka duba ko akwai ɗigon tsatsa tun ba a ɗaura ba.

Wanke hannu kafin ka kaɗa. Idan ka gama, goge kowace tsirkiya da busasshen ƙyalle, sama da ƙasa. Ranar da ka ga launi ya yi duhu, murya ta mutu, ko jita ta ƙi zama a kan saitinta, lokacin canji ya yi. Canza shidan tare, ɗaya bayan ɗaya, domin sabuwa a tsakiyar tsofaffi muryarta tana fita daban. Sabon nailan yana ɗaukar kwanaki yana miƙewa, sai ka yi ta sake saiti, ba lalacewa ya yi ba. Idan kuma za ka yi babban tsalle, misali daga goma zuwa sha uku, kai jitar wurin mai gyara ya daidaita sandar wuya.

Aikin yi

Malami zai kawo fakiti uku a aji. Kowa ya kwafi lambobin da ke kan kowanne a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashin lambar farko. Sannan ku amsa da baki: mai raka mawaƙa da jita mai akwati, da mai jan gaba da jitar lantarki, da mai koyo sabon shiga, wane fakiti za ku miƙa wa kowannensu, kuma me ya sa?