Kafin ku tura kuɗin, ku bari a kwana uku

'Yan uwa, in kun ga kaya a WhatsApp ko Facebook ranku ya biya, kada ku tura kuɗi a ranar. Ku ɗauki hoton kayan, ku rubuta farashin, ku bari a kwana uku.

Da can sai ina kwance da dare, zafin Yamai ya hana barci, in ci karo da atamfa, mai kayan ta rubuta "saura biyu". Kafin in ankara jika 15 ta fita, ban da kuɗin mai kabu-kabun da zai kawo. Akwai jakar hannun da na saya haka, har yau tana cikin ledarta.

Kuɗin waya ba su da nauyi, shi ne matsalar. A kasuwar Wadata za ku taya, ku ƙirga takardun da hannunku, ku ji a jikinku. A waya kuwa lambar sirri kawai za ku danna. Bayan kwana uku zumuɗin ya kwanta, sau da yawa ko hoton ba na komawa in duba.

Kuma kada ku riƙa barin kuɗi da yawa a wayar. Fita neman wurin saka kuɗi cikin rana tsaka kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake tunani.

Amma gab da Salla dabarar ba ta ci, kaya na ƙarewa da gaske, tela ma ya cika. Haka in mai kayan ƙawarku ce, kunya ke sa a saya. Ni dai nakan ce mata, "Allah ya kawo kasuwa, sai ƙarshen wata."