Lissafa lokacin tafiyar jirgin sama kafin ka sayi tikiti

Jama'a, ga dabara: raba kilomitocin tafiyar da 800, ka ƙara rabin awa. Kusan lokacin da za ka yi a jirgi ke nan.

Jirgi mai injin jet yana cin kilomita 800 zuwa 850 a awa. Rabin awar ta tashi ce da sauka da gangarawa kan titin jirgi.

Amma ƙananan filayen jirgin sama galibi jirgi mai farfela ake turawa, irin ATR 72. Shi da 500 za ka raba.

In tikiti ya nuna awa biyar a tafiyar awa ɗaya, akwai yada zango a wani babban fili. Duba mota ko jirgin ƙasa tukuna, wataƙila su riga shi isa.

Ka lura, lokacin sauka da agogon can ake rubuta shi, ba naka ba.