Yadda ake fitar da zane da kaushi a jikin koton roba na gida

Duk wanda na koya wa zubin koton roba, wuri ɗaya yake fara tuntuɓe. Zai zuba tanarsa ta fito sumul kamar taliya, sai ya ga ba ta yi kama da ta kanti ba, ya ɗauko reza ya hau tsattsaga mata jiki don ya yi mata zane. Jifa biyu ko uku ta tsinke daidai inda ya tsaga, ƙugiya ta dawo ita kaɗai. Roba mai taushi ba ta yafe tsaga, duk inda reza ta taɓa nan za ta yage. Zane tun a jikin samfuri ake yin sa, wato siffar koton da ake fara ƙerawa, kafin a yi mol, wato mazubin filasta (POP) da ake zuba robar a ciki, kuma yawancin aikin yana ƙarewa tun ba a ɗora roba a wuta ba.

Wannan sana'a daga Amurka ta taso. Wani mai aikin injin ƙarfe, Nick Creme, shi ya fara zuba tanar roba a garin Akron na jihar Ohio a 1949, kuma har yau masu kamun kifin bas na can su ne manyan masu amfani da ita. Abin da ya sa zanen ya dame ni shi ne irin ruwanmu. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa, daga bayan kai har wutsiya, da yake jin motsin ruwa da shi. Da damina, in kogi ya ɗauko laka ya yi ja, giwan ruwa ba ya ganin kotonka sai ya zo daf da shi, amma yana jin girgizarsa tun daga nesa. Koto mai kunya-kunya a jiki, kamar gonar da aka yi wa huɗa, ya fi sumul tura ruwa, yana riƙe 'yan ƙwayoyin iska yana sakin su a hankali, kuma in ka shafa masa man kifi, kwarin da ke tsakanin kunyoyin ne ke riƙe ƙanshin. Wanda ya taɓa riƙe Swing Impact na kamfanin Keitech na Japan ya san abin da nake nufi, jikinsa duka zobba ne.

Kafin mu shiga, magana ɗaya kan roba. Filastisol na zubin koto za ka saya, farin ruwa mai kama da madara, garin PVC ne a cikin man da ke tausasa shi. Odarsa ake yi daga waje, kuma kuɗin kawowa yakan kai kuɗin kayan, shi ya sa gara ku haɗa kai ku uku ko huɗu ku sayi galan guda. Tawadar masu buga riguna ita ma sunanta filastisol, amma haɗinta daban ne, kada ka gwada. Leda da tiyo da silifas kuma kada ma su zo maka a rai. Hanyar sauƙi ɗaya da na yarda da ita ita ce tara tsofaffin koton da suka yage a narkar da su, sai dai a ware na kamfanin Z-Man, masu miƙewa kamar danƙo, domin robarsu wata iri ce, in ta haɗu da PVC duka biyun sun lalace.

Samfuri

Ni da yumɓun roba na 'yan makaranta nake aiki, wanda ba ya bushewa. Dalili kuwa, in samfurin katako ne ko ƙarfe kuma yana da zane mai zurfi, filasta za ta kama shi gam, sai ka fasa mol kafin ka ciro shi. Yumɓu kuwa ko ya maƙale, da tsinke za ka sakace shi. Mulmula shi ya kai tsawon santimita 10, kaurin ɗan yatsa ta wajen kai, yana sirancewa zuwa wutsiya. Shafe cikinsa ya zama shimfiɗaɗɗe, ka danna shi a kan gilashi ko tayil ya zauna ba tare da rata ba, don kada filasta ta kutsa ta ƙarƙashi.

Abin da ka gani a jikin samfuri shi za ka gani a jikin koto, kwari ya fito kwari, tudu ya fito tudu. Don kunya-kunya, samo wayar tagulla wajen masu naɗin injin, mai kaurin kamar milimita 1, ka lanƙwasa ta kamar baka, ka riƙa danna ta a gicciye a bayan yumɓun. Zurfi kada ya wuce milimita ɗaya da rabi. Tsakanin kwari da kwari ka bar milimita 2 zuwa 3. Masu farawa suna son su matse layukan su yi zurfi don ya yi kyau a ido, suna manta cewa kowane kwari a samfuri siririyar katanga ce a cikin mol, kuma siririyar katangar filasta ba ta jure zubi goma sai ta ɓalle.

In zane mai laushi kake so, ɗauki dogon sukuru ka mirgina zarensa a kan yumɓun sau ɗaya tak. In ka maimaita, layukan sun hau juna, aiki ya ɓaci. Don ɓawon jikin kifi, ragar buhun albasa ta fi komai. Shafa mata ɗan mai, shimfiɗa ta a kan samfuri, danna da tafin yatsa, ɗaga ta daga gefe ɗaya a hankali. Ragar taga tana ba da ƙananan ɓawo amma yawanci suna nutsewa a wajen shafe mol. Gidan sauro mai magani kuwa ba ya zuwa kusa da kayan kamun kifina, maganin da ke jikinsa guba ne ga kifi.

Wurare biyu ake bari sumul. Santimita 2 na farko ta wajen kai, inda ƙugiya ke shiga, domin nan ne duk ja yake taruwa. Sai kuma siririn wuyan wutsiya, in mai faifan wutsiya kake yi. Wannan ba abin da za a yi muhawara a kai ba ne, duk wanda ya yi zane har kai zai riƙa canza koto bayan kowane cizo.

Zuba filasta

Kewaye samfurin da kwali ko ɓallin katako, ka toshe gefuna da yumɓu. Garin POP na masu silin ya isa, muddin sabo ne bai sha iska ya yi gudaji ba. Awo biyu na gari, awo ɗaya na ruwa, kuma gari ake barbaɗawa cikin ruwa. Dama a hankali, ba irin damun fura ba, don kada iska ta shiga.

Kada ka kwarara gaba ɗaya. Ɗebi kaɗan da ƙaramin buroshi mai laushi ka shafe samfurin, kana tura filastar cikin kowane kwari, har sai yumɓu ya ɓace. Sannan ka zuba sauran daga kusurwa ɗaya ta malala da kanta, ta rufe samfurin da kaurin santimita 2 ko fiye. Bubbuga teburin na minti ɗaya, za ka ga ƙwayoyin iska suna tasowa. Kowace ƙwayar da ta maƙale a cikin kwari za ta zama ƙurji a jikin kowane koton da mol ɗin zai haifa. Cikin rabin sa'a ta kama, amma ni sai ta kwana nake juya ta in cire yumɓu.

Sai bushewa. Filasta takan yi tauri alhali cikinta jiƙe yake. Da hunturu kwana uku a rana ya isa, da damina ka ba ta mako guda ko ka gasa ta a ƙaramar wuta na 'yan sa'o'i. Ɗora ta a kumatu, in ka ji sanyi-sanyi, da sauran ruwa. Roba mai zafi in ta sauka a kan ɗanyar filasta, tururi ne zai huda kotonka, wani lokaci ma ta fantsamo maka.

Shafe mol, inda zane ke mutuwa

A nan na yi asarar mol guda shida a mako ɗaya, kuma a nan nake ganin kowa yana yin tasa. Filasta tana da ƙananan ramuka, in ba a shafe ta ba koto zai fito dusu-dusu da farin gari a jiki, gefen zanen kuma ya riƙa marmashewa. To sai mutum ya ji an ce a shafa ifoksi, gam ɗin nan mai haɗi biyu, ya matso Araldite kamar yadda yake a bututu, ya laɓta. Na yi haka. Mol ɗin ya yi ƙyalli kamar faranti, na ji daɗi, na zuba roba. Da na ciro, ɓawon kifin da na ɓata dare ina dannawa babu ko alamarsa, kunyoyin kuma sun zama 'yan tudu marasa baki. Gam mai kauri yana gangarawa ya kwanta a wuri mafi zurfi, kuma wuri mafi zurfi a mol shi ne saman zanen kotonka.

Abin da ya yi mini aiki shi ne shafi mai ruwa-ruwa, sau da yawa. Farin gam na kafintoci, rabi gam rabi ruwa, ya zama kamar madara. Shafa da buroshi, bar filasta ta tsotse na daƙiƙa talatin, sannan ka goge buroshin a tsumma ka bi kowane kwari kana tsane abin da ya kwanta. Kifa mol ɗin a kan tsinke biyu, fuska ƙasa, ya bushe a haka, don duk abin da ya rage ya gangaro waje maimakon ya taru a ciki. Maimaita sau uku, iyaka huɗu. Bayan kowane shafi, haska tocila daga gefe ka duba. In bakin kunyoyin ya daina yin inuwa mai kaifi, tsaya nan, ko da a shafi na biyu kake. Kuma ka tuna cewa ruwan gam ya sake jiƙa filastar, don haka a ƙara mata kwana biyu a rana.

Mai son ƙyalli sosai zai iya amfani da ifoksi, amma mai jinkirin kamawa, a tsinka shi da sifirit har ya riƙa ɗiga daga buroshi kamar ruwa. Ya fi gam daɗewa. Gam bayan zubi mai yawa yakan fara ɓarewa, sai a sake shafi ɗaya. Ni dai na fi son gam ga mol mai ɓawon kifi, ifoksi ga mai manyan kunyoyi. Wanda yake da kuɗin silikon na yin mol ya huta da duk wannan, ba ya buƙatar shafi kuma yana ɗaukar zane har na zanen yatsa, sai dai kuɗin kilo ɗaya zai saya maka buhun POP da canji.

Narkarwa da zubi

Girgiza galan sosai kafin ka tsiyaya, garin yana kwanciya a ƙasa. Kofin gilashi mai jure zafi, maikrowef ɗin da ba za a ƙara ɗumama abinci a ciki ba, a waje ko a bakin taga, da safar hannu ta fata da takunkumi mai tace hayaƙi. Minti biyu da farko, juya da ƙarfe, sannan daƙiƙa talatin-talatin. Zai tashi daga madara ya yi kauri kamar koko, sannan ya saki ya zama garau kamar zuma a wajen digiri 175 zuwa 177 na ma'aunin Selshiyas. In ya yi rawaya yana hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, ya ƙone, fitar da shi waje ka bar wurin. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku, ƙaramar tukunya a kan ƙaramar wutar gas tana yi, amma hannunka kada ya bar juyawa. Ruwa ko ɗigo ɗaya kada ya kusanci kofin, har da zufar goshinka.

Mol mai zane yana son roba da zafinta, domin in ta fara hucewa ba ta shiga kwari. Ɗumama mol ɗin a rana tukuna, shafa masa mai kaɗan ƙwarai, ka fara daga wutsiya da siririn zubi kamar zare, ka taho zuwa kai. Zubi biyu na farko yawanci ba sa fita da kyau, mayar da su kofi.

Gishirin da ake haɗawa cikin robar shi ne kaushi na biyu. Shi ne yake sa koton Senko na kamfanin Gary Yamamoto yake nutsewa yana rawa, kuma kifi yakan daɗe da shi a baki. Soya gishirin a busasshen kasko ya rabu da danshi, niƙa shi ya yi laushi, cokali biyu babba a kofi ɗaya. Fiye da haka launi ya dusashe, kunyoyin su riƙa yagewa. Juya kafin kowane zubi don yana kwanciya. In kana son cikin koton ya yi kaushi, barbaɗa ɗan gishiri mai tsakuwa a saman zubin tun bai daskare ba.

Bayan minti huɗu ko biyar ɓare shi daga kai, shimfiɗa shi a miƙe a kan tayil ya kwana. In kana son yi masa ƙafafu kuwa, zura siraran zaren silikon uku a babbar allura ka ratsa su ta gefen sumul ɗin nan na wajen kai, ka yanke su santimita 3 kowane ɓangare. Adana a ledar da ake zugewa, kowane launi da tasa, nesa da rana da robar da ke da tauri, domin man jikinsa yana cin ta. Inda kifin tsage ya yi yawa ka tafi da guda ashirin, haƙoransa ba sa barin wutsiya. Waɗanda suka yage ka zuba su a aljihu ka dawo da su gida, kifi yana haɗiye su kuma ba sa narkewa a cikinsa, kai kuma kana da abin narkarwa a zubi na gaba.