Darasi na 7: In mai saye ya kushe kayanki a gaban jama'a

Yawancin masu zuwa ajinmu na yamma a nan Marwa, arewacin Kamaru, suna da ɗan abin da suke sayarwa ta waya, wata turaren wuta da humra, wata atamfa, wani kilishi ko takalman fata, ana sa hoto a status na WhatsApp ko a Facebook, mai so ya turo kuɗi ta Orange Money ko MoMo na MTN, a kai kaya ajans, wato kamfanin motocin safa, a tura Garwa, Ngaundare, wani lokaci har Yawunde da Duwala. To duk wanda ya daɗe a wannan sana'a wata rana zai buɗe waya ya tarar an rubuta a ƙarƙashin hotonsa: "Kar ku saya wurinta, kayan ba kyau." Zan yi magana da mata don su suka fi yawa a ajin, amma har da ku maza.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, amsar da za ki rubuta ba wadda ta yi ƙorafin kaɗai za ta karanta ba. Akwai mutane da yawa da ba su taɓa sayen komai wurinki ba, sun yi shiru suna kallo, kuma da amsarki za su yanke ko za su amince su turo miki sefa dubu goma ba su taɓa ganin fuskarki ba. Shi ya sa in ranki ya ɓaci ki ajiye wayar tukuna. Ki yi alwala, ki gama girkinki, in kin huce sai ki dawo. Kar ki yi saurin danna voice kina faɗa, ko kin goge daga baya wata ta riga ta tura shi group uku.

In kin dawo ki tambayi kanki tsakani da Allah, abin da ta faɗa gaskiya ne? Sau da yawa gaskiya ne fa. Kalar atamfa a hoto daban da ta ido musamman in an ɗauka cikin rana tsaka, kilishin da ya bushe ƙarau a nan yana iya yin laushi har ya yi fumfuna a Duwala saboda damshin can in ba a ɗaure shi da kyau ba, kwalbar humra kuma tana tsiyaya in murfin bai kamu ba. In haka ne ki amsa a wurin da ta rubuta, a gajarce, kamar haka:

"Salamu alaikum Hajiya. Ki yi haƙuri don Allah, laifina ne. Zan kira ki yanzu, ko in canza miki ko in mayar da kuɗinki."

Shikenan, kar ki ƙara dogon bayani. Maganar nawa za a mayar da waye zai biya kuɗin ajans ku yi ta ku biyu. In kun daidaita sai ki roƙe ta cikin ladabi ta koma ta rubuta cewa an gyara, in ba ta so kar ki matsa mata. Kuma ni a ganina mayar da sefa dubu biyar ya fi sauƙi a kan a san ki da cin kuɗin mutane. Ko hukuma ma tana bayan mai saye, Kamaru tana da dokar kare shi tun shekarar 2011.

Wani lokaci laifin na hanya ne. Duk mun san yadda hanyar Mora zuwa Kuseri take da damina, kaya sai su kwana su sake kwana. A nan hoto ke cetonki, don haka ki saba da ɗaukar hoton kaya kafin ki ɗaure, da hoton rasit ɗin ajans, ki tura wa mai kaya ranar da kika kai. Amma ko da rasit a hannunki ki fara da ban haƙuri, ita dai ta biya kuɗinta kuma biki ya wuce ba ta sa kayan ba.

Akwai kuma wanda bai taɓa saye ba sam, hassada ce ko neman kuɗi. Wani zai ce ya turo kuɗi ba ki aiko kaya ba, har ya nuna saƙo na ƙarya. Kar ki yarda da saƙon da aka nuna miki, ki duba asusunki da kanki, *126# in MTN ce, #150# in Orange ce, kuma lambar sirrinki ba a faɗa wa kowa ko da ya ce daga kamfani yake kira. Ki rubuta masa: "Malam, ban ga sunanka a littafina ba, turo ranar da ka biya da lambar da ka biya da ita." Wannan ne amfanin littafin ciniki da muka koya a darasi na 4. In ya koma zagi ki kai ƙararsa ga Facebook ki toshe shi, kar ki rama.

Ƙorafin gaskiya kam ban ba ki shawarar gogewa ba, mai shi za ta ƙara fusata ta je ta faɗa a inda ba ki da ikon amsawa. Haka kuma sa 'yan uwa su rubuta yabon kayan da ba su saya ba yaudara ce, ki bar shi.

Aikin gida: wata ta rubuta miki, "Na sayi turare na sefa 3.500, da ya iso rabin kwalbar ya zube." Ki rubuta amsarki a littafinki, kar ta wuce layi uku, ki tabbata akwai gaisuwa da ban haƙuri da abin da za ki yi mata. Wadda hannunta bai faɗa da rubutu ba tukuna ta fara faɗin amsar da baki, 'yar uwar zamanta ta taimaka mata da haruffa, mu karanta tare a aji mai zuwa in Allah ya kai mu.