Darasi na Bakwai: Ƙoda, Gishiri da Hawan Jini

Idan aka ce hawan jini, yawancin mutane zuciya suke tunawa, wasu kuma su ce tunani ne ya yi wa mutum yawa. Gaskiya ne zuciya ce ke harba jini, amma ƙoda ce ke lura da yawan ruwan da ke cikin jijiyoyi da ƙarfin da yake gudu da shi. Tana yin wannan aiki da wani sinadari da ake kira renin.

A shekarar 1898 aka gano shi a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin. Wani masani, Robert Tigerstedt, da ɗalibinsa Per Bergman suka tatsi ruwan ƙodar zomo suka yi wa wani zomon allura da shi, sai jininsa ya hau. Daga sunan ƙoda a harshen Latin suka raɗa masa suna.

Yadda renin ke aiki

A bakin ƙananan jijiyoyin da ke shigar da jini cikin matatar ƙoda akwai wasu ƙwayoyin halitta masu gadi. Abu uku ke sa su saki renin: idan ƙarfin jinin da ke isowa ya ragu, idan gishirin da ke wucewa ta ƙoda ya yi kaɗan, ko idan jijiyoyin laka suka kawo saƙon cewa jiki na cikin matsi. Ku ɗauki manomin da ya wuni a gona cikin zafin bazara yana ta gumi bai sha ruwa ba, ko mai gudawa, ko wanda ya zubar da jini. Duk waɗannan reninsu na tashi.

Renin da kansa ba ya matse jijiya. Aikinsa irin na almakashi ne. Hanta na zuba wani furotin a cikin jini kullum, shi kuma renin sai ya yanko guntu daga jikinsa, wanda ake kira anjiyotensin na ɗaya. Wannan guntun ba shi da wani ƙarfi sai ya bi ta huhu, inda wani almakashin mai suna ACE ke ƙara datse shi ya koma anjiyotensin na biyu. To, wannan shi ne mai aikin. Yana tsuke jijiyoyin jini, kamar yadda ruwa ke ƙara ƙarfi idan aka danne bakin tiyo da yatsa. Yana sa ƙishirwa. Yana kuma umartar wata 'yar tsoka da ke zaune a kan kowace ƙoda kamar hula ta saki sinadarin aldosteron, wanda ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta zubar da fotasiyam, wani sinadari da ke cikin jini, a fitsari. Da jini ya koma daidai, sai ƙoda ta rage sakin renin.

Inda ake samun matsala

Wannan tsari ceton rai ne ga wanda ruwan jikinsa ya ƙare. Cuta na zuwa ne idan ya ƙi tsayawa. Misali, idan jijiyar da ke kai jini ga ƙoda ɗaya ta tsuke, ƙodar za ta ɗauka jinin jiki duka ne ya sauka, ta yi ta zuba renin ba dare ba rana. Harry Goldblatt ya nuna haka a Amurka a 1934, lokacin da ya matse jijiyar ƙodar karnuka jininsu ya hau ya zauna.

Sai dai akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikin baƙaƙen fata masu hawan jini reninsu ƙasa yake, ba sama ba. Ƙodarsu na riƙe gishiri fiye da kima, ruwa ya taru, jini ya hau, renin kuwa ya lafa tunda ba a bukatarsa. Shi ya sa rage gishiri ke yi wa mutanenmu amfani sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan lissafin ya haɗa da duk wanda ke ɓoye a cikin abinci. Dunƙulen ɗanɗanon miya kusan rabinsa gishiri ne. Yajin tsire, kilishi da taliyar leda duk suna da nasu. Kanwa ma tana ɗauke da sodiyam irin wanda ke cikin gishiri, don haka mai hawan jini, musamman mai jego, ta yi hattara da kunun kanwa.

Karanta sunan maganinku

A nan ne karatun da kuke koya zai yi muku rana. Ku duba ƙarshen sunan da ke jikin kwalin. Idan ya ƙare da pril, kamar lisinopril ko captopril, yana toshe almakashin huhu ne. Idan ya ƙare da sartan, kamar losartan, yana hana anjiyotensin na biyu kama jijiya. Ga mai ƙarancin renin, waɗannan su kaɗai ba su cika sauke jini sosai ba. Amlodipine ko maganin sa fitsari sun fi yi masa aiki. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, ya nuna haɗin magani biyu da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jini. Duk da haka likita na iya zaɓar pril ko sartan ga mai ciwon sukari, ciwon ƙoda ko raunin zuciya, domin suna kare waɗannan sassa. Wannan ne dalilin da ya sa ba a aron maganin maƙwabci.

Mai shan pril ko sartan ya kiyaye waɗannan:

1. Mai ciki ba ta shan su, suna lalata ƙodar ɗan tayi. Wadda ke neman haihuwa ta faɗa wa likita tun kafin cikin ya shiga.
2. Ba a haɗa pril da sartan.
3. Bayan mako ɗaya zuwa biyu da farawa, a yi gwajin jini na ƙoda da fotasiyam.
4. Idan gudawa ko amai suka yi tsanani, a nemi ma'aikacin lafiya a ranar, kafin a sha na gaba. Jiki na bukatar renin a wannan lokaci, maganin kuma ya ɗaure masa hannu.
5. A guji diclofenac da ibuprofen na ciwon jiki, haɗuwarsu da waɗannan na iya durƙusar da ƙoda.
6. Busasshen tari da ba ya jin magani yakan zo daga pril, likita zai canza shi. Amma kumburin leɓe, harshe ko maƙogwaro, wannan a garzaya asibiti nan take, domin yana iya toshe numfashi.

Ba kowa ake yi wa gwajin renin ba. Likita kan nema idan matashi ne jininsa ya hau sosai, ko magani iri uku sun kasa sauke shi, ko fotasiyam ya yi ƙasa. Abin da kowa ke bukata shi ne awon jini: a zauna a huta minti 5, a ɗora hannu daidai ƙirji, a auna sau biyu. Idan ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban, a ga likita ko da ba a jin komai.

Aikin gida

Ku kawo kwalin maganin hawan jini na wani a gidanku, da izininsa. Ku rubuta sunan a littafi, ku ja layi a ƙarƙashin haruffan ƙarshe. Sannan ku ƙirga dunƙule nawa da cokalin gishiri nawa suka shiga tukunyar miyarku jiya, da mutum nawa suka ci.